Bango Mai Rangaji da Lissafinsa a Kwamfuta: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya karanta injiniyancin gini an koya masa cewa bango na ƙwarai shi ne wanda ya kafu a tushensa, ko gezau. To akwai wani irin bango da injiniyoyin Niyu Zilan da Amurka da Japan suka shafe fiye da shekara talatin suna aiki a kansa, wanda da gangan ake barinsa ya ɗaga ƙafa idan ƙasa ta girgiza. Ga tambayoyin da ɗalibai da matasan injiniyoyi suka fi yi game da shi, musamman yadda ake kwaikwayonsa a kwamfuta, domin a nan ne aka fi yin tuntuɓe.

Mene ne bango mai rangaji, kuma me ya raba shi da bangon kankare da muka sani?

Bangon da aka saba yi wa dogon bene don tare girgiza, rodinsa daga cikin fandisho yake fitowa, a zuba kankare su zama abu guda. Idan girgiza mai ƙarfi ta zo, gindin bangon ne ke shan wahala: kankare ya tsage, rodi ya miƙe ya lanƙwashe, ɓawon bangon ya zube. Haka aka tsara shi, ba kuskure ba ne. Lalacewar ce ke shanye ƙarfin girgizar har mutane su fita da ransu. Sai dai bayan ƙura ta lafa, sau da yawa ginin ya karkace, gyaransa ya fi rushe shi tsada.

Bango mai rangaji kuwa ɗora shi ake yi a kan fandisho, ba a haɗe su da zubi ɗaya ba. Ana zura igiyoyin ƙarfe ta cikin bututu tun daga saman bangon har cikin fandisho, a ja su da jak, a ɗaure. Idan girgiza ta tura ginin gefe, bangon sai ya ɗaga diddige ɗaya ya tsaya a kan ɗan yatsa, kamar firjin da ka jingina da hannu. Igiyar ta ƙara miƙewa, ita da nauyin ginin su jawo shi ya koma ya zauna. Tsaga ɗaya ce tak, wadda injiniya ya zaɓi wurinta tun a takarda, tana buɗewa tana rufewa.

Akwai abu na uku: ƙananan ƙarafa masu shanye ƙarfi, waɗanda aikinsu ya yi kama da na fiyus a wayarin lantarki. Su ake so su lalace, a kwance su a sa sababbi.

Me ya sa ba a cika bututun da siminti ba? Ai zai fi ƙarfi.

Wannan shi ne sirrin tsarin gaba ɗaya. Ɗauki bango mai faɗin mita 3 da tsayin mita 15, da igiya a tsakiyarsa. Idan ya karkata da kashi 2 cikin 100 na tsayinsa, diddigensa zai tashi kamar santimita 5, igiyar tsakiya kuma ta ƙaru da santimita 2 da 'yan kai. Idan igiyar a sake take cikin bututu, wannan ƙarin zai rabu a kan mita 15 ɗin duka, ya ɗora mata abin da bai kai megafaskal 300 ba (megafaskal ma'aunin ja ko danni ne a jikin abu). Igiyar da aka saba amfani da ita sai ta kai 1,860 take tsinkewa, kuma ana jan ta tun farko wajen rabin hakan don a bar mata sarari. Amma da an manne ta da siminti, duk miƙewar a ɗan taƙi ɗaya za ta taru a bakin tsagar, ƙarfen ya saki, ya daina dawowa. Igiyar da ta saki kuwa ba ta dawo da bango.

Wa ya fara tunanin nan?

Idan ana maganar lissafi, kowa yana komawa ga George Housner na Caltech a Kalifoniya. Bayan girgizar Chile ta watan Mayun 1960, wadda ta kai maki 9.5 kuma har yau ba a auna wadda ta fi ta ba, an lura cewa wasu dogayen tankunan ruwa masu siririn ƙafa, waɗanda kowa zai rantse su za su fara faɗuwa, sun tsira, alhali gine-ginen da suka fi su kama ƙasa sun lalace. A 1963 Housner ya fitar da lissafin yadda dunƙulallen abu ke rangaji a kan gindinsa. Daga ciki ya nuna abin da har yanzu ke ba ɗalibai mamaki: idan abubuwa biyu siffarsu ɗaya, babban ya fi ƙaramin wuyar kifewa.

Niyu Zilan ta kai tunanin fili da gadar jirgin ƙasa ta South Rangitikei da aka gama a 1981, wadda dogayen ƙafafunta ke iya ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Shigarsa harkar bene kuma ta zo ne ta PRESSS, wani shirin bincike kan gine-ginen kankare masu jure girgiza na shekarun 1990, ƙarƙashin jagorancin Nigel Priestley a Jami'ar Kalifoniya ta San Diego. A 1999 suka gina bene mai hawa biyar a kashi 60 cikin 100 na girman gaske, suka yi ta tura shi da manyan jak. Ɓangaren da ke da bangon rangaji ya fito da 'yan ƙananan raunuka kawai. Bayan 'yan shekaru Jami'ar Canterbury ta ɗauko dabarar ta sa wa katako, aka kira shi Pres-Lam, kuma ginin farko da aka yi da shi yana garin Nelson.

Me ya sa sunan Christchurch ba ya fita daga bakin masu wannan fanni?

Saboda girgizar da ta afka wa wannan birni na Niyu Zilan ranar 22 ga Fabrairu 2011. Mutum 185 suka rasu, 115 daga ciki a gini ɗaya. Amma abin da ya sauya tunanin injiniyoyi shi ne abin da ya biyo baya: ɗaruruwan gine-gine a tsakiyar birnin da suka yi daidai abin da aka tsara musu, suka tsaya, mutane suka fita, ƙarshe sai da aka rushe su domin gyaran bai biya ba. Tsakiyar birnin ta daɗe a killace. A cikin garin kuwa akwai wani ginin asibitin Southern Cross da aka yi da tsarin PRESSS, wanda ya fito kusan lafiya lau. Daga nan masu gini da kamfanonin inshora suka fara tambayar da a da injiniyoyi kaɗai ke yi: bayan girgiza, yaushe za a koma ciki?

Tunda Housner ya yi lissafin da hannu, me ya kawo kwamfuta?

Lissafin Housner na dunƙulallen abu ne mara lanƙwasa, zaune a kan ƙasa mai taurin dutse, babu igiya, babu bene a rataye da shi. Yana da amfani ƙwarai wajen fahimta. Misali, abu mai faɗin mita 2 da tsayin mita 10 ba zai ɗaga ƙafa ba sai fizgar ƙasa ta kai kashi ɗaya cikin biyar na jan nauyin duniya, wato faɗi a raba da tsayi. Kuma duk saukar da ya yi zai rasa wajen kashi 11 cikin 100 na kuzarin motsinsa.

Matsalar ita ce gini na yau da kullum yana da lokacin lilonsa guda, kamar yadda kowace ganga ke da muryarta, kuma a kan wannan lokaci aka gina yawancin lissafin girgiza da ke cikin dokokin gini. Bango mai rangaji ba shi da wannan. Idan rangajin ƙarami ne yana kai-komo da sauri, idan ya yi nisa sai ya yi nawa. Kafin ya ɗaga yana da tauri sosai, da ya ɗaga taurin ya faɗi warwas, da ya sauka ya dawo nan take. Kiɗa na canzawa sau da yawa cikin daƙiƙa guda, dole rawa ta bi. Babu yadda za a bi wannan sai an yanka lokaci ƙanana-ƙanana, a warware lissafin a kowane yanki, sau dubbai. Aikin kwamfuta ke nan.

To yaya ake gina bangon a cikin kwamfuta?

Jikin bangon ba shi da wuya. Tunda ba a so ya lalace, sanda ɗaya mai lanƙwasa ta dawo ta ishe shi. Duk rigimar a gindi take, kuma hanyoyi huɗu aka fi bi.

Ta farko ita ce a tara komai a wuri ɗaya: a sa sifirin (wato spring, ƙarfen nan mai lotsewa ya dawo) mai juyawa a gindin sandar, a gaya masa yawan ƙarfin da ke kawo kowane mataki na karkata. Yawanci sifirin biyu ake jerawa, ɗaya na igiya da nauyi mai komawa inda ya fito, ɗaya na ƙarafan fiyus. Tana da sauri, kuma tana ba da karkatar saman gini daidai gwargwado. Aibinta, bangon da ke cikinta ba ya tashi sama ko kaɗan, juyawa kawai yake yi. Saboda haka ba za ta nuna maka yadda yake ɗaga dakin (decking, shimfiɗar kankaren hawa) da ke jikinsa ba, kuma idan nauyin da ke kansa ya sauya a tsakiyar girgiza, ita ba ta sani ba.

Ta biyu ita ce a shimfiɗa sifirin da yawa a ƙarƙashin faɗin bangon, kowanne yana karɓar danni amma ba ya riƙe ja. Da bango ya karkata, na gefe ɗaya su saki, na ɗaya gefen su ɗauki kaya. Igiya a zana ta daban, daga sama zuwa fandisho, da jan farko a jikinta. Fiyus ma kowanne a inda yake a zahiri. A ganina wannan ce ta fi dacewa da yawancin aiki, domin tana nuna tashin diddige, da ƙaruwar jan igiya, da yadda wurin danni ke matsewa zuwa ɗan yatsa. Sai dai a matso da sifirin kusa da juna a gefuna biyu, don a can abin ke faruwa.

Ta uku ita ce a yanka gindin bangon zare-zare a tsaye, kowane zare a ba shi halin kankare mai karɓar danni kawai. Yahya Kurama da abokan aikinsa a Jami'ar Lehigh sun yi amfani da ita tun ƙarshen shekarun 1990. Tana nuna murƙushewar kankare da kyau, amma sakamakon yana bin tsayin da ka ba yankin na gindi, kuma wannan tsayi kai ka zaɓe shi.

Ta huɗu ita ce a yanka komai ƙananan dunƙule, har da fuskokin da ke taɓa juna, a manhaja irin ABAQUS ko LS-DYNA. Don nazarin ɗan yatsan bango ɗaya, babu kamarta. Don bene mai hawa goma da girgiza goma sha ɗaya, sai ka yi furfura kana jira.

Daga ina ake samo taurin waɗannan sifirin?

Tambayar da ya kamata a fi yi ke nan, kuma ita aka fi tsallakewa. A bangon da aka saba, ana ɗauka cewa rodi da kankare suna miƙewa tare, daga nan lissafi ya fito. A bakin tsagar da ta buɗe wannan zato ya rushe. Mafitar da aka fi bi ita ce wadda Stefano Pampanin da Priestley da Sri Sritharan suka kawo a 2001: a kwatanta bangon da wani bango na zubi ɗaya mai girma iri ɗaya, a ce samansu ya gusa daidai wa daida, daga nan a ciro matsewar kankaren ɗan yatsa. Dabara ce, ba dokar halitta ba, kuma an yi mata gyare-gyare daga baya. Abin da ke ba ta daraja shi ne an gwada ta da sakamakon gwaji ta yi kusa. Wanda ya sa wa sifirinsa wata ƙatuwar lamba don kawai ya ce fandisho ba ya motsi, zai ga abin da zai biyo baya idan muka zo batun saukar diddige.

Ina jin ana cewa zanen ya fito kamar tuta. Wace tuta?

Idan ka zana ƙarfin turi a tsaye, karkata a kwance, ka tura bango gaba da baya, igiya ita kaɗai tana hawa da sauka a layi ɗaya, ta koma sifiri. Ba ta shanye komai. Fiyus shi kaɗai yana zana faffaɗan zobe, yana shanye ƙarfi da yawa amma ya bar ka a karkace. Haɗa su sai ka sami siffar tuta a kan sanda, ɗaya a sama ta dama, ɗaya a ƙasa ta hagu, duka suna ratsawa ta tsakiya. Faɗin tutar shi ne ƙarfin da aka shanye. Ratsawa ta tsakiya ita ce shaidar gini zai miƙe.

Sharaɗin shi ne ƙarfin dawowa, na igiya da nauyi, ya rinjayi na fiyus. Dokar kankare ta Niyu Zilan ta 2006 ta sa wannan a rubuce, da ɗan rata a sama don ƙarfe yakan fi yadda aka rubuta masa ƙarfi. Idan tutar samfurinka, wato bangon da ka gina a kwamfuta, ba ta koma tsakiya ba, ko fiyus ya yi yawa, ko igiya ta saki, ko ka yi kuskure.

Wane irin fiyus ake sawa, kuma yaya ake kwaikwayonsa?

Akwai rodi mai laushi da ke ratsa tsagar, a ciki ko a waje. Akwai farantin ƙarfe da aka lanƙwasa kamar harafin U, wanda aka ƙirƙira a Niyu Zilan a farkon shekarun 1970: ana sa shi tsakanin bango biyu, idan ɗaya ya tashi ɗaya ya sauka sai ya yi ta naɗewa yana warwarewa. Akwai masu aiki da gogayya, da masu mai a ciki irin shokar mota. A samfuri kowanne sifirin ne da halinsa. Abin lura kawai, a sa shi a ainihin nisansa daga gefen bango, domin santimita kaɗan na sauya yawan miƙewarsa.

Wace manhaja ce ta fi?

Masu bincike sun fi rungumar OpenSees, wadda aka fara a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley. Kyauta ce, ana rubuta mata umarni da harshen kwamfuta na Tcl ko Python, kuma tana da duk kayan da ake buƙata: sifirin mara tsayi, abu mai karɓar danni kawai, ƙarfe mai jan farko. A Niyu Zilan an daɗe ana aiki da Ruaumoko ta Athol Carr, wadda ke da gindi mai sifirin da yawa a shirye. Ofisoshin zane kuma sun fi sabawa da ETABS da SAP2000 da Perform-3D, kuma su ma suna iyawa. OpenSees ba ta da fara'a ga baƙo. Ba za ta zana maka komai ba sai ka roƙa, kuma idan ta tsaya bayaninta gajere ne. Amma ba ta ɓoye maka abin da take yi, shi ya sa na fi son ɗalibi ya fara da ita.

Da wane tsari ake ɗora kaya a samfurin?

Igiya tukuna, sai nauyi, sai turi. Kuma bayan matakin farko a tsaya a duba jan da ya rage a igiyar. Da ka sa mata jan farko, bangon da sifirin gindi za su ɗan matse, jan ya ragu, ka tashi da abin da bai kai wanda ka nufa ba. Sai ka ƙara ka sake, har ya zauna daidai. Bayan nan a tura bangon gefe ɗaya a hankali a kwatanta da lissafin hannu: a wane ƙarfi diddige ya fara tashi? Sai gaba da baya don ganin tuta. Sai a ja shi a sake shi ya yi rangaji shi kaɗai. Girgizar gaske ita ce ta ƙarshe. A kuma kunna lissafin da ke la'akari da cewa nauyin gini na ƙara tura shi idan ya riga ya karkata.

A ina samfurin ya fi yin ƙarya?

A wurin sauka. Karkatar saman gini da jan igiya, samfuri mai kyau yakan kusanci gaskiya. Amma lokacin da diddige ya dawo ya bugi fandisho, tauri yana tashi daga kaɗan zuwa mai yawa cikin ƙiftawar ido, sai lissafin ya haifar da wasu tsinin fizga masu tsawo. Wani ɓangarensu gaskiya ne, ana ganinsa a gwaji. Wani ɓangaren kuwa ƙirƙirar lissafi ce, kuma girmansa yana bin taurin da ka ba sifirin da ƙanƙantar matakin lokacinka. Wanda zai yi amfani da waɗannan lambobi ya zana maƙalan silin ko na injinan asibiti, ya kamata ya san wanne ne wanne.

Sai batun lafawa, wato yadda motsi ke mutuwa da kansa. An saba zuba kashi 5 cikin 100 a gini na kankare, ta hanyar Rayleigh, wadda ke ɗaura lafawar a kan nauyi da taurin gini, a wuce. Wannan adadi ya ƙunshi tsagewa da gogayyar da bangon rangaji ba ya yi, don haka a nan ya yi yawa, kuma masu bincike da dama suna sauka zuwa 2 ko 3 ko ƙasa da haka. Mafi muni, idan ka ɗaura lafawar a kan taurin farko, sifirin gindi masu tsananin tauri za su riƙa riƙe bangon da wani ƙarfi na boge ko bayan sun saki. Bangon ya ƙi tashi yadda ya kamata, sakamako ya yi kyau, kai kuma ka yi murna a banza. Maganin shi ne a cire sifirin gindi daga wannan lissafi, ko a ɗaura shi a kan taurin da ake ciki a lokacin.

Ƙarfin da ake rasawa a bugun sauka shi ma ba ya shiga samfurin sifirin da kansa. Lissafin Housner yana ba da adadi, amma gwaje-gwaje sun sha nuna cewa bango na gaske ba ya rasa daidai wannan, domin ba a kan tsinin gefe yake juyawa ba. Idan bangon na da fiyus masu kyau, kuskuren ba ya yin nauyi sosai, don su ke shanye mafi yawa. Idan igiya ce kaɗai, komai ya rataya a kan wannan zato.

Tunda gindi yana ɗagawa, ƙarfin da ke shiga bangon yana da iyaka ke nan?

A gindi, e. A sama, a'a. Dogon bango ba lilo ɗaya yake yi ba. Bayan karkatar gaba ɗaya, yana kuma yin wata lanƙwasa a tsakiya kamar bulala, kuma ɗaga ƙafa ba ya kashe wannan. Girgiza na ƙara ƙarfi, ita ma tana ƙaruwa. Sakamakon haka ƙarfin yanka da na lanƙwasa a tsakiyar tsayi kan wuce abin da turin gefe ɗaya ya nuna nesa ba kusa ba. Dole a raba nauyin kowane hawa a inda yake, a yi lissafin girgiza cikakke. Lydell Wiebe da Constantin Christopoulos a Toronto sun ba da shawarar a ƙara wata tsagar rangaji a sama don rage wannan.

Dakin da ke jikin bangon fa?

Idan gefen bango ya tashi santimita 5, duk abin da aka ɗaure masa ya tashi. Dakin da aka zuba ya kama bangon zai tsage, kuma zai danne bangon ya hana shi aikinsa. Shi ya sa ake yin mahaɗi mai dogon rami, wanda ke miƙa turin gefe amma ya bar bango ya zame sama. Samfurin da ya ɗauka mahaɗin ba shi da gogayya ko kaɗan ya faɗi rabin gaskiya.

Girgizar da ake sa wa samfurin daga ina take?

Daga na'urorin da suka naɗi girgizar gaske: El Centro ta 1940, Northridge ta 1994, Kobe ta 1995, Chi-Chi ta Taiwan a 1999, da dubbai irinsu da ke rumbun PEER, wata cibiyar binciken girgizar ƙasa a Amurka. Ana zaɓo waɗanda suka dace da ƙasar wurin, a daidaita ƙarfinsu. Dokar Amurka ta ASCE 7, bugun 2016, ta ce kada su gaza 11. Ga bangon rangaji yawan na da dalili, domin girgiza biyu masu kama da juna a takarda na iya ba da rangaji mabambanci. A kula da naɗin da aka yi kusa da inda ƙasa ta tsage, masu fizga ɗaya doguwa, su ne suka fi kai shi nesa.

Ta yaya za a san samfurin ya faɗi gaskiya?

Gani ya kori ji. Japan na da teburin girgiza, wato dandalin da inji ke kaɗawa da gini a kansa, mai suna E-Defense a garin Miki kusa da Kobe, mita 20 da 15, mai ɗaukar tan 1,200. A 2010 an ɗora masa bene biyu masu hawa huɗu gefe da gefe, ɗaya na zubin da aka saba, ɗaya mai igiya, aka kaɗa su da girgizar Kobe. A watan Mayun 2023 kuma, a teburin San Diego da ke fili, ƙungiyar da Shiling Pei na Colorado School of Mines ya jagoranta ta gwada benen katako mai hawa goma, tsayinsa wajen mita 34, da bangayen rangaji. An sa masa Northridge da Chi-Chi da wasu da yawa, yana dawowa ya miƙe.

Wani abin da ake yi a irin waɗannan gwaje-gwaje shi ne a raba zanen gini tun kafin a kaɗa teburi, kowa ya kawo hasashensa a rufe. Nan ake gane bambancin samfurin da ya hango da wanda aka gyara bayan an ga amsa. Na biyun kowa na iya yi.

Samfurin katako da na kankare ɗaya ne?

Ƙashin bayansu ɗaya, halinsu daban. Katako ya fi laushi, don haka lanƙwasar jikin bangon kanta na da kaso babba a karkata, ba a yin watsi da ita. Ɗan yatsansa yana lotsewa ne a hankali, ba ya farfashewa. Kuma yana ci gaba da matsewa shekara da shekaru a ƙarƙashin danni, yana kumbura yana motsewa da laima, jan igiya na raguwa. Mai hankali yakan yi lissafi sau biyu, da jan ranar farko da kuma jan da zai rage bayan shekaru.

Idan girgizar ta wuce wadda aka zana fa? Ba zai kife ba?

Kifewa irin ta firji ba ita ce abin tsoro ba, domin bangon bene babba ne kuma karkatarsa 'yar kaɗan ce idan aka kwatanta da wadda za ta kayar da shi. Abin da ake bi a samfuri shi ne jeri: fiyus ya fara, ɗan yatsa ya biyo, igiya ta zama ta ƙarshe. Don haka kada a ba igiya halin miƙewa ba iyaka. A sa mata inda za ta saki da inda za ta tsinke, a tuna kuma takan tsinke a bakin maɗaurinta kafin ta kai ƙarfinta na littafi.

Ana iya sa wa tsohon gini?

An yi. Akira Wada ya jagoranci gyaran wani bene mai hawa 11 a Cibiyar Fasaha ta Tokyo, aka jingina masa manyan bangaye daga waje kafin girgizar Tohoku ta Maris 2011. Sai dai waɗancan a kan wani mahaɗi mai kama da hinjin ƙofa suke juyawa, ba sa ɗaga diddige. Aikinsu su tilasta wa duk hawa su karkata daidai, kada ɗaya ya durƙushe shi kaɗai. A kwamfuta sun fi sauƙi nesa, tunda babu tashi babu sauka.

Mu da ƙasarmu ba ta cika girgiza ba, ina ruwanmu?

A Kano ko Zinder, gaskiya babu mai buƙatar wannan bango, kuma rushewar benaye a Najeriya daga rashin ingancin kaya da aiki take zuwa. Motsin da aka ji a Mpape ta Abuja a Satumbar 2018 ƙarami ne. Accra ce ke da tarihi na gaske, don girgizar Yunin 1939 ta kashe mutum 17 a lokacin da birnin bai kai ko kusa da girmansa na yau ba. Amma ɗalibin da ke shirin karatu ko aiki a Turkiyya, Japan ko Amurka zai tarar da wannan fanni a gabansa, kuma kayan koyonsa ba su wuce kwamfutar hannu da Python ba.

Lissafina yana tsayawa a tsakiya, ya ƙi ci gaba. Me zan yi?

Duba daƙiƙar da ya tsaya. Kusan kullum lokacin sauka ne. Naɗin girgiza yakan zo da tazarar 0.005 zuwa 0.02 na daƙiƙa, kai kuma kana iya buƙatar 0.001 ko ƙasa. Rubuta umarnin da zai rage matakin da kansa idan ya cije, ya gwada wata hanyar warwarewa, sannan ya koma. Idan bai yi ba, rage taurin sifirin gindi zuwa abin da kankare ko katako zai iya bayarwa a zahiri. Tabbatar ka hana gindin zamewa gefe, domin sifirin danni ba sa riƙe wannan, kuma bangon da ba a tare ba zai sulale ya bar fandisho. Kada ka sassauta ma'aunin kuskure don kawai lissafi ya wuce. Idan ya kai ƙarshe, raba matakin lokaci biyu ka sake. Karkata ba za ta sauya sosai ba. Fizgar hawa ta sama ita za ka zuba wa ido.